Ranar da Malam Ilu Ya Kama Hancinsa

Kafin likita ya taɓa komai, sai na kwantar da mutum. Shi ne aikin farko, kuma shi ne wanda samarin da ake turo mini koyo suka fi rainawa. Mai sa barci ya gama nasa, mara lafiya ya tafi, sai in naɗe hannuwansa a jikinsa da zani, in cusa soso ƙarƙashin gwiwar hannu da diddige, in tokare kafaɗu, in manne fatar idanu da filasta. Daga nan a karkata gadon, kai ƙasa ƙafafu sama, har ka ga kamar mutumin zai sulalo ya faɗi. Ana yin haka ne don hanji ya gangara wajen ƙirji ya ba da wuri. Awa uku ko huɗu zai yi a haka. In ka yi sakaci kafaɗa ta danne jijiya, tiyata za ta yi kyau, ciwo zai fita, mutum kuma ya farka hannunsa ba ya ɗaga cokali. Na ga an yi, ko da yake ba a hannuna ba.

Ku na yanzu da kun shigo ɗakin tiyata idonku na kan na'urar. Kuna ganin hannuwa huɗu na ƙarfe a kan mara lafiya, likita can gefe ya tuɓe takalmi ya zura kansa cikin akwati yana murza yatsu, sai ku ce ai aikin ya ƙare, inji ke yi, mu namu kallo. Wani ma ya taɓa tambayata ko ana iya zama. Na ce masa ana iyawa, a gida.

Sunana Lawali. Na zo Jidda a 1975 ina ɗan shekara goma sha shida, tare da mahaifina, daga Damagaram. Hajji ya kawo mu, muka zauna, kamar yawancin mutanen unguwarmu ta Karantina. Shi ya kama ɗinki a unguwar Balad, ni kuma aka samo mini shara a wani asibiti wajen Bagdadiyya. A nan wani Basudane mai kula da kayan tiyata, Ammi Hasan, ya ga ba na barin datti a lungu, ya ce a ba shi ni. Shekara huɗu na yi ina wanke almakashi da hantsaki kafin ya bar ni na leƙa ɗakin tiyata. Yakan ɗauki hantsaki ɗaya cikin tire, ya buɗe bakinsa, ya ɗaga wajen fitila. In ya ga ɗigon busasshen jini tsakanin haƙoran, ba ya faɗa, ba ya zagi. Tiren gaba ɗaya zai juye cikin ruwa ya ce, "Min jadid," wato a sake daga farko. Na sha tsayawa ina wankin tire ɗaya har sau uku, abokan aiki suna can suna cin ful, dafaffen waken Larabawa. Takardar shaida sai daga baya na yi karatunta, gemu ya riga ya fito.

Aikin da na fi daɗewa a kansa shi ne na ciwon dajin burustata. Wani ɗan ƙululu ne kamar goro, yana ƙarƙashin mafitsarar namiji, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. In daji ya kama shi bai bazu ba, cire shi ake yi ɗungum, a sake ɗinke hanyar da mafitsara. A da, yanka ake yi daga cibiya zuwa mara. Wurin rami ne mai zurfi, ga jijiyoyin jini kamar an zuba su, likita yana aiki rabi da ido rabi da lalube. Ni nakan riƙe ƙarfen da ke buɗe cikin har yatsuna su ƙage, ana share jini ana ƙara wa mutum wani. Wanda aka yi wa yakan yi mako biyu a gado, in ya yi tari sai ya riƙe ciki da hannu biyu.

Na'urar ta iso ina da furfura. Ranar da aka kwance ta daga akwatunanta na zagaya ta sau biyu, na ce a raina to Lawali, ga wanda zai ci tuwonka. Ashe ƙarin aiki ta kawo. Kowane hannu sai an saka masa rigar leda mai tsabta, in gefenta ya goga jikinka a jefar a ɗauko wata. Ana huda cikin mutum wuri biyar ko shida, kowane bai fi kan yatsa ba, a hura iska ciki ya kumbura, a zura kyamara ta wajen cibiya, sauran kafofin a zura almakashi da hantsaki masu dogon wuya. Kyamarar sai na ɗumama ta a ruwan zafi, in ba haka ba da ta shiga za ta yi hazo, likita ya ɗago kai ya ce, "Ya Lawali, ma ashuf shai," ba ya ganin komai. Da zarar an ɗaura hannuwan a jikin mutum, ba a taɓa gadon. Wanda ya jingina da maɓallin gado a lokacin, ƙarfe zai yaga ciki. Kuma na'urar ba ta jin taushi ko tauri. Likita yana gani ƙato-ƙato kamar ya shiga cikin mutum da kansa, amma yatsunsa ba su san ko zare ya kusa tsinkewa ba, sai dai ido. Ya ba mara lafiya baya, mu ne a kansa. In hannu ɗaya zai bugi ɗaya, ko gwiwar ƙarfe ta sauko kan fuskar mutum, mu za mu gani mu ce a tsaya.

Wankinta ma ya fi na da wuya. Kowane almakashi yana da wayoyi a cikinsa, sai ka ɗura ruwa da sirinji ta 'yan kafofi har ya fito fari, ka bi bakin da buroshi. Kuma tana ƙirga sau nawa aka yi aiki da shi. In ya cika adadinsa, ko sabo fil yake a ido, za ta ƙi karɓa. Da Ammi Hasan ya ga wannan da sun shirya da ita, don halinsu ɗaya.

Amfaninta kuwa na gani da idona. Jini kaɗan, mutum ya kwana biyu ya tafi gida da 'yan filastoci. Abin da ba ta kawar ba shi ne wannan: ƙululun yana manne da tsokar da ke riƙe fitsari, jijiyoyin ƙarfin namiji kuma suna bin gefensa. Komai gwanintar likita, wasu za su yi yoyon fitsari na watanni, kaɗan daga ciki ya zauna musu, wasu kuma kusantar iyali ta yi rauni ko ta tafi. Dole a gaya wa mutum wannan kafin ya sa hannu a takardar amincewa. Da yake ina jin Hausa da Larabci, in aka sami namu wanda Larabcin likita ya fi ƙarfinsa, ni ake kira in yi tafinta. Ban ɗauke shi cikin aikina ba. Gani nake taimako ne kawai da nake yi tsakanin tiyata da tiyata.

In kuka tambayi ma'aikacin tiyata ranarsa mafi muni, kuna jiran ya ce ranar da wani ya mutu a kan gado. Tawa ba wanda ya mutu, tiyatar ma tana cikin mafi kyau da na tsaya a kai.

Malam Ilu shi ne limamin ƙaramin masallacin layinmu a Karantina. Abokin mahaifina ne tun Damagaram, shi ya ɗaura mini aure, shi ya sallaci gawar mahaifina. Fiye da shekara talatin ina salla a bayansa, kuma wurina sananne ne, sahun farko daidai bayan liman. Mutum ne mai tsantseni kan tsarki har ana yi masa dariya a ɓoye. In yaro ya taka darduma da jiƙaƙƙiyar ƙafa sai ya tambayi ruwan ina ne. Larabcinsa na littafi ne, zai karanta maka babi guda bai yi tuntuɓe ba, amma in Bajidde ya yi magana da sauri yana haɗawa da Turanci, sai ya bi shi da "na'am, na'am" kawai.

Da gwaji ya nuna dajin ne, kuma bai bazu ba, sai aka sa masa rana da Dakta Faisal, matashin likitan da ya koyo aikin na'urar a waje. Muka zauna mu uku a ofis. Dakta ya zana hoto a takarda, ya yi bayani tiryan-tiryan, bai rage komai ba. Ya faɗi batun yoyon fitsari, ya ce ya fi zuwa in mutum ya yi tari, ko ya ɗaga kaya, ko ya miƙe tsaye daga zaune. Ya faɗi batun iyali. Sannan ya dube ni ya ce, "Yalla, fahhimu." In fahimtar da shi.

Na dubi Malam. Yana zaune da farar jallabiya, carbi a hannu, ya zuba mini ido kamar yadda yake yi in na kai masa tambayar addini. A gidanmu ko sunan mahaifina ba a faɗa a gabansa, balle in buɗe baki in yi wa abokinsa zancen fitsari da shimfiɗa. Sai na rage maganar.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ya ce za a cire ciwon gaba ɗaya, ba yanka babba. Bayan nan jiki zai ɗan yi rauni, sai a hankali."

Ya ce, "Duk doguwar maganar nan, abin da ya ce ke nan?"

"Sauran bayanin aikinsu ne, Malam."

Ya ja carbi ɗaya, biyu. Ya ce, "Lawali, abu guda nake tambaya. Alwalata za ta riƙe?"

Na ce, "In sha Allahu."

Dakta ya tambaye ni me ya ce, na ce yana tambayar yaushe zai koma masallaci. Ya ce bayan wata ɗaya ko fiye, in ya ga jikinsa ya yarda. Wannan na fassara daidai. Malam ya sa hannu da ajami, muka fito.

Ranar tiyatar ni na kwantar da shi. Na duba soson kafaɗarsa sau uku. Aikin ya tafi kamar ana karanta shi daga littafi: aka raba ƙululun da mafitsara, aka lallaɓa aka ɓamɓare jijiyoyin gefe, aka sa shi cikin 'yar jaka aka fitar ta cibiya, aka ɗinke hanya. Jinin da ya zuba bai cika kofin shayi biyu ba. Na ƙirga allurai da auduga suka cika. Da sakamako ya fito, dajin bai taɓa gefe ba ko ɗaya. Dakta Faisal ya buga kafaɗata ya ce halas, an gama, baffanka ya warke.

Bayan kwana goma ya dawo cire robar fitsarin da aka saka masa, nan na sami dama ta biyu. Nas ta kawo fakitin ƙunzugun manya, irin wanda ake sawa cikin wando, da takardar da ke koya wa mutum yadda zai riƙa matse tsokar ƙasansa kullum don ta yi ƙarfi. Ta ce in nuna masa, in gaya masa kada ya fita ba tare da shi ba. Na karɓa na sa a baƙar leda. Na raka Malam har bakin titi na tare masa tasi, ledar tana hannuna. Na ce masa in ya ga ɗan ɗigo kada ya damu, na 'yan kwanaki ne. Ya shiga mota, na rufe ƙofa, na koma ciki na sa ledar a lokata, inda nake kulle kayana. Na ce gobe zan ba wa ɗansa ya kai masa. Goben ta yi kwana arba'in.

Shi kuwa a gida yana jinya, salla a zaune yake yi kan kujera, kamar yadda aka ce masa saboda ɗinki. Ɗigon farko-farko ya ragu, a zaune ko a kwance ba ya ganin komai. Ya ƙirga kwanakinsa, ya ga ya bushe, ya aika wa jama'a cewa ran Alhamis zai ja magariba.

Masallacin ya cika ranar, har waɗanda ba su saba zuwa ba sun zo yi masa barka. Na tsaya a wurina. Ya yi kabbara, muryarsa ta fito kamar da, ya karanta Fatiha da sura, muka yi ruku'u, muka yi sujada biyu. Da ya yunƙura zai miƙe raka'a ta biyu, sai na ga ya tsaya rabi, hannu a gwiwa. Ya ƙarasa miƙewa a hankali. Ni ne a bayansa, tsakaninmu bai fi kamu uku ba, na ga jiƙon yana sauka a farar jallabiyar, na ga inda ya taɓa darduma.

Wanda ya yi karatu ya san abin da liman ke yi in alwalarsa ta karye cikin salla. Yakan kama hancinsa kamar wanda haɓo ya zubo wa, don a rufa masa asiri, ya jawo wani daga baya ya ƙarasa da jama'a. Malam Ilu ya koya mana wannan babin da bakinsa, bai taɓa bukatarsa ba sai ranar. Ya sa hannun hagu ya kama hanci, ya miƙo na dama baya ba tare da ya waiwayo ba, ya damƙi hannun rigata ya jawo ni gaba. Ya ratsa sahu ya fita, kowa ya sunkuyar da kai, kuma kowa ya gani.

Na tsaya gefen wurin da ya jiƙe na ja sallar. Magariba ce, dole in karanta a bayyane. Fatihar da nake yi tun ina yaro sai da na laluba ta aya-aya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma na san kunyar ba ta kai rabin tasa ba.

Washegari bayan sallar Juma'a na biya asibiti na ɗauko ledar, na tafi gidansa. Na same shi a ɗaki shi kaɗai, a kan kujerar sallarsa. Na gaishe shi ya amsa, na zauna a ƙasa, na ajiye ledar tsakaninmu. Na gaya masa duk abin da Dakta Faisal ya faɗa tun ranar farko, na fitsarin da na iyalin, kalma bayan kalma, ina kallon tabarma. Bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Tun yaushe wannan ledar take wurinka?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Kana tsammani da ka gaya mini zan ƙi aikin? Ni yaro ne? Da na yarda a yi. Rai ya fi limanci. Amma da na tara jama'a kafin in tafi asibiti, in ce ga wane ya ja ku, in yi musu addu'a, in koma sahu da ƙafata. Ba wanda zai san dalili sai ni da Ubangijina."

Na ce, "Allah gafarta Malam, nauyinka na ji."

Ya ce, "Na sani. Tarbiyyar mahaifinka Issufu ce, ba ka yi don mugunta ba. Sai dai kunyar da ka ƙi ɗauka muna mu uku a ɗaki, ni na ɗauke ta gaban jama'ar masallaci." Ya nuna ledar da carbinsa. "Buɗe. Nuna mini yadda ake sa abin."

Na buɗe na nuna masa. Na karanta masa takardar, na kwatanta masa tsokar da zai riƙa matsewa, sau nawa da safe, sau nawa da yamma. Ya yi tambayoyi irin na ɗalibi, na amsa. Duka bai kai rabin awa ba.

Tun daga ranar, duk namu da aka kira ni in yi wa tafinta, sai in ce da shi tun a ƙofa, "Baba, yau ba ɗanka ba ne ni, bakin likita ne, ka yi haƙuri da abin da za ka ji." In faɗa masa duka. Wani ya ɓata rai, wani ya kawar da kai, wani dattijo daga Abeche ta ƙasar Chadi ya ce ba ni da kunya ya nemi a canja ni. Liman, ladan, direban da ke wuni a mota, mai sabon aure, kowa da abin da yake tsoron rasawa, kuma ba ka sani sai ka faɗa ka ga inda fuskarsa ta canja. Har na bar aiki a 2012 ban sake ajiye leda a loka ba. Ku da kuke ganin inji ke yin komai, ku riƙe wannan tare da soson kafaɗa da ɗumama kyamara, duk aikin ne.

Malam Ilu ya bi takardar nan kamar wuridi. Kafin shekara ta zagayo yoyon ya tsaya, Dakta Faisal ya gwada shi da tari da tsuguno ya ce ya bushe sarai. Dajin bai dawo ba. Jama'a suka je har gida sau biyu suna roƙo ya koma gaba, ni ma na je, na ce masa a likitance ba abin da ya hana. Ya ce ya ji, ya gode. Ya rayu shekara shida bayan haka, salla biyar ba ta wuce shi a jam'i, amma bai sake taka wurin liman ba. A sahun ƙarshe yake tsayawa, daga gefe, kusa da ƙofa.